Yadda Sabon Ɗalibin Tuƙin Tirela a Amurka Zai Zaɓi Kamfaninsa na Farko

Tun kana mako na biyu a makarantar koyon tuƙin tirela wayarka za ta fara ruri. Masu nemo wa kamfanoni direbobi ne, kowa da zaƙin bakinsa: mota sabuwa fil, kuɗin maraba na dubban daloli, kwana a gida duk ƙarshen mako. Kada kanka ya kumbura. Ƙungiyar kamfanonin manyan motoci ta Amurka, ATA, ta yi shekaru tana fitar da alƙaluman da ke nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango sauyin direbobi a shekara yana kewayen kashi 90 cikin 100. Kullum ana barin kujeru, kullum ana neman masu hawa.

A gida, yaron mota yakan yi shekaru yana bin maigidansa, yana sa waigi yana ɗaure tamfol, kafin a miƙa masa sitiyari. A Amurka makonni kaɗan ake yi a makaranta, a ci jarrabawa, a karɓi lasisin tuƙin manyan motocin kasuwanci, wato CDL ajin A. Abin da aka koya maka a waɗannan makonni na cin jarrabawa ne kawai. Ainihin tuƙin a kamfanin farko ake koyonsa, don haka zaɓen kamfanin ya fi kama da zaɓen makaranta fiye da neman albashi. Abin da kake nema shi ne wurin da za su koyar da kai da kyau, ka cika shekara guda ba haɗari, takardunka fes. Bayan shekarar nan ƙofofin da suke rufe yanzu za su buɗe, saboda kamfanonin inshora ne ke hana yawancin ƙananan kamfanoni ɗaukar wanda bai yi shekara ɗaya ko biyu a kan hanya ba.

Fara da bincikar kanka

Kafin ka auna kowane kamfani, ka san abin da za su gani in sun auna ka. Shekara 21 ce ƙa'idar tsallaka jiha da kaya. Kamfanoni da yawa suna so lasisinka na ƙaramar mota na Amurka ya kai shekara guda, kuma tuƙin da ka yi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ba ya shiga lissafinsu. Ka je ofishin lasisi na jiharka ka ciro tarihin tuƙinka. Tarar gudu, haɗari, kamu da maye, duk suna ciki. Ka rubuta wuraren da ka yi aiki a shekaru uku da suka wuce da kwanan watansu, domin doka ta wajabta wa kamfani ya tambaya. In akwai watannin da ka je gida ko ka zauna ba aiki, ka faɗa yadda yake. Wanda ya ɓoye abu a takardar neman aiki, a makon farko ake sallamarsa, wani lokaci yana tsakiyar cin abincin rana.

Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin ba su da matsala wajen lasisi. Mai takardar izinin aiki kaɗai kuwa, tun Satumban 2025 gwamnatin tarayya ta tsaurara ƙa'idar ba irinsa lasisin, don haka ya tabbatar da matsayinsa a ofishin lasisi kafin ya biya wata makaranta ko sisi. Haka batun Turanci. Dokar da ta ce direba ya iya karanta allunan hanya ya kuma amsa tambayar jami'i tsohuwa ce, amma daga 25 ga Yunin 2025 aka mayar da ita cikin laifukan da ake dakatar da direba nan take a bakin titi. 'Yan'uwanmu da suka taso da Faransanci su ɗauki wannan da muhimmanci.

Sai lafiya. Katin likita yana kai wa watanni 24, amma mai hawan jini ana iya ba shi na shekara ɗaya ko ƙasa da haka. Gwajin ƙwaya kuma ba wasa. Wiwi halas ce a dokar jihohi da dama, amma a dokar tarayya da ke kan direban tirela haramun ce. Tun Janairun 2020 akwai rumbun bayanai na FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan manyan motoci, inda ake shigar da sunan duk wanda ya faɗi gwajin fitsari ko ya ƙi yi, kuma kowane kamfani sai ya duba shi kafin ya ɗauke ka. Wasu kamfanoni suna ƙarawa da gwajin gashi, wanda ke tono abin da aka sha watanni uku baya. In kana shan wani maganin da aka kawo maka daga gida, ka nuna wa likita tun da wuri.

Wa zai biya kuɗin makaranta?

Wannan tambaya ita ke yanke rabin shawarar. In ka biya da kanka, a makaranta mai zaman kanta ko kwalejin al'umma, za ka kashe dubban daloli amma ka fito babu igiyar kowa a wuyanka. Ofisoshin samar da aiki na jihohi suna da tallafin WIOA da ke biya wa wasu kuɗin karatun gaba ɗaya, kuma mutanenmu da yawa ba su ma san da shi ba. Wasu kamfanonin kuma suna mayar maka da kuɗin makarantar kaɗan-kaɗan duk wata muddin kana tare da su.

Hanya ta biyu ita ce kamfani ya koyar da kai, kamar yadda Prime da Roehl da Swift da wasunsu ke yi, ka sa hannu za ka yi musu aiki na wani lokaci, galibi wajen shekara. Ba laifi ba ce, musamman ga wanda aljihunsa bai da nauyi. Amma ka nemi a turo maka yarjejeniyar ka karanta kafin ka hau bas. Nawa ne bashin in ka tafi a wata na takwas, duka ne ko ana rage na watannin da ka yi? In su suka kore ka fa? In ka faɗi jarrabawa? Ana cire wani abu a albashinka duk mako? Akwai sharaɗin da ya hana ka yi wa wani kamfani aiki kafin ka biya?

Ko wace hanya ka bi, ka duba abu biyu. Tun 7 ga Fabrairun 2022 dole makarantar ta kasance cikin rajistar masu koyarwa ta FMCSA, in ba haka ba ba za a bar ka ka yi gwajin tuƙi ba. Sannan in ka yi gwajin da mota atomatik, za a buga harafin E a lasisinka, ma'ana ba ka da izinin tuƙa mai giyar hannu. Manyan kamfanoni kusan duk atomatik suke saye yanzu, amma in kana da halin koyon giyar hannu, ka koya.

Wace irin tirela, wace irin rayuwa

Rufaffiyar tirela mai ƙafa 53 ta busasshen kaya ita ce mafi sauƙin farawa. Sau da yawa ajiye wata kawai za ka yi ka ɗauki wata. Schneider da Werner da Swift suna da irin wannan aiki da yawa. Tirela mai firji, irin ta Prime da Stevens da C.R. England, ba ta rasa lodi tunda dole mutane su ci abinci, amma akwai alƙawarin ƙarfe uku na dare da zaman jira a rumbunan kayan masarufi, ga injin sanyi yana gurnani a bayan kanka kana barci. Buɗaɗɗiyar tirela, sana'ar TMC da Maverick da Melton, ta fi kawo kuɗi, ta kuma fi cin jiki: sarƙa, ɗamara, tamfol mai nauyi a cikin ƙanƙara. Tanka kuwa ruwan cikinta yana tunkuɗa motar in ka taka birki, shi ya sa ba kowa ke ba sabo ba.

Akwai wata ƙofa da sababbi ke tsallakewa. Kamfanonin da ke haɗa ƙananan kaya na mutane daban-daban a mota ɗaya, irin su Old Dominion da Estes da XPO, wasu rassansu suna ɗaukar mutum aikin lodi a rumbu sannan su koya masa tuƙi. Ana kwana a gida. Mai iyali ya bincika wannan kafin ya amince da dogon zango, inda aka saba yin mako biyu zuwa huɗu a waje, a samu kamar kwana ɗaya a gida kan kowane mako. Ka zauna da uwargida ku yi wannan magana tun kafin ka sa hannu. Da yawa daga masu ajiye aiki a watannin farko ba tuƙin ne ya gagare su ba, gida ne ya ƙi.

Inda kake zaune ma yana da tasiri. Kamfani yana ɗaukar direba ne daga yankin da kayansa ke bi. Mazaunin Kolambas ta Ohayo ko Atlanta ko Dalas yana da zaɓi da yawa. Mazaunin Bronx ta cikin birnin New York kuwa sai ya tambayi kansa inda zai ajiye tirela in ya dawo hutu.

Bincika kamfanin a takardun gwamnati

Ka tara sunaye biyar ko shida. Kowane kamfani yana da lambar USDOT a jikin ƙofar motarsa. Ka shiga shafin SAFER na hukumar FMCSA a intanet ka sa lambar, kyauta ne. Za ka ga yawan motoci da direbobi, haɗurran watanni 24 da suka wuce, da kason motocinsu da aka dakatar a wuraren bincike, ga matsakaicin ƙasa a gefe don ka kwatanta. Kada yawan haɗari kaɗai ya firgita ka, mai mota dubu goma dole ya fi mai ɗari. Kason dakatarwar shi ne ke faɗa maka ko ana gyaran birki da taya.

Girma ba ya hana faɗuwa. Celadon ta Indiyanafolis ta durƙushe a Disamban 2019 direbobinta suna kan hanya, Yellow kuma ta rufe a 2023 da ma'aikata wajen 30,000. Duk da haka, a ganina babban kamfani ya fi wa sabo rufin asiri. Za ka goge tirelar wani a wurin fakin, ko ka karya madubi, kusan kowa sai ya yi. Babban kamfani ya saba, zai sake koya maka ribas ya mayar da kai kan hanya. Ƙaramin kamfani kuskure ɗaya na iya sa mai inshora ya ce a cire ka.

Sannan ka je tashar manyan motoci, Pilot ko Love's ko TA, ka sami direbobin kamfanin suna shan mai. Ka gaishe su ka tambaya mil nawa suka yi makon jiya, yaushe rabonsu da gida. Uku ko huɗu za ka tambaya, don na farko wataƙila yanzu suka gama faɗa da mai ba shi lodi. In wani ya dage sai ka rubuta sunansa a takardarka, ka sani akwai ladan da ake ba shi.

Tambayoyin koyarwa, a nan za ka daɗe

Bayan an ɗauke ka za a haɗa ka da wani direba ku yi makonni a mota ɗaya, gado sama da ƙasa. Tambaya mafi girma ita ce: lokacin da kake tuƙi, malamin yana zaune a kujerar gefe ko yana barci a baya? Wasu kamfanoni daga kwanakin farko suke mayar da ku direbobi biyu masu karɓa-karɓa, motar ba ta tsayawa. Kamfani ya ci riba, malami ya ci kuɗin mil ɗinka, kai kuwa kana gangara dutse a Wayomin da nauyin fam 80,000 ba mai ce maka rage giya. Karɓa-karɓa a ƙarshen koyarwa ba laifi. A farkonta kuwa ba koyarwa ba ce.

Ka tambayi shekarun da mutum zai yi kafin a naɗa shi malami a wurinsu. Ka tambayi sau nawa za ka yi ribas zuwa bakin rumbu kafin a ba ka motarka, domin yawancin ɓarnar sababbi a ribas take, ba a babban titi ba. Za a koya maka zamar da tayoyin baya don daidaita nauyi a sikeli, fam 34,000 a kan kowane tagwayen gatari? Za a nuna maka ɗaura sarƙa a taya? Jihar Kolorado tana wajabta ɗaukar sarƙa a wani sashe na hanyar I-70 daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu, kuma wanda ya girma a Sahel bai taɓa jin yadda tirela ke sulɓi a kan ƙanƙara ba. Nawa ake biya a makonnin koyarwa? In jininku bai haɗu da malamin ba, ana canzawa? Mace ta tambaya ko akwai malama mace, da tsawon jiran da za ta yi kafin a samu.

Lissafin albashi

Yawancin dogon zango da mil ake biya, kuma dokar ƙarin kuɗin awannin da suka wuce 40 a mako ba ta shafi yawancin direbobin da ke tsallaka jihohi ba. Don haka farashin mil shi kaɗai ba ya nuna komai. Misali, kamfanin da ke ba da senti 60 amma mil 1,800 a mako, dala 1,080 ke nan. Mai ba da senti 52 da mil 2,500, dala 1,300. Ka ce a faɗa maka matsakaicin abin da sabon direba ke samu a mako a watanni shida na farko, ba na gwarzon shekara ba.

Dokar awanni ita ke iyakance samunka. Awa 11 na tuƙi cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10. Hutun minti 30 bayan awa takwas na tuƙi. Awa 70 cikin kwana takwas, sai ka huta awa 34 agogon ya koma farko. Na'ura ce ke rubutawa tun Disamban 2017, ba a murɗa ta. To in aka zaunar da kai awa biyar a bakin rumbu, daga cikin 14 ɗin nan aka ci. Ana biyan kuɗin jira? Daga awa ta nawa? Kwanan da aka rasa lodi fa, ko mota ta lalace? Da wane ma'auni ake ƙirga mil, na hanyar da tirela ke bi ko na gajeriyar hanya a taswira? Kuɗin maraba kuma gutsi-gutsi ake ba da shi cikin watanni, kada ka sa shi a lissafin haya.

Ka tambayi motar ma. Akwai ƙaramin injin da ke ba da sanyi da ɗumi in an kashe babban? Daren Yuli a Arizona ba abin raini ba ne ko ga Basakkwace. Akwai firji da wurin jona tukunyar lantarki? Ga mai neman halas wannan ba ƙawa ba ce, don abincin tasha yawanci ba naka ba ne, kuma yana cinye kuɗi.

Salla, azumi da kayan da ba ka so

Mai firji zai ɗauki naman alade, mai rufaffiyar tirela zai ɗauki barasa, kuma kamfanoni da yawa ba sa barin sabo ya zaɓi lodi. In wannan ya dame ka, ka faɗa tun kafin a ɗauke ka, a rubuce. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai aiki ya yi sassauci saboda addini in ba zai jawo masa babbar wahala ba. A 2015 wata kotun tarayya a Ilinoi ta ba wasu direbobi Musulmi biyu 'yan asalin Somaliya diyyar dala 240,000 bayan Star Transport ta kore su kan ƙin ɗaukar barasa. Amma shari'a shekaru take ci. Ya fi sauƙi ka zaɓi buɗaɗɗiyar tirela, ko aikin da ke ɗaukar kayan kamfani guda wanda ka san abin da yake sayarwa. Salla ba ta da wuya ga mai tuƙi shi kaɗai tunda kai ke tsara tsayawarka. Juma'a da hutun Salla ne ke buƙatar magana, kuma a nemi hutun tun da saura makonni.

Tarko biyu

Na farko, wanda zai ce zai biya ka a takardar haraji ta 1099, ta mai aikin kansa, maimakon W-2, ta ma'aikacin kamfani, alhali motarsa ce kuma shi ke ba ka umarni. Kuɗin zai yi kauri a ido, amma harajin mai aikin kansa na kashi 15.3 yana jiranka ban da harajin samu, kuma in ka ji rauni wataƙila babu inshorar ma'aikaci. Sau da yawa ɗan'uwa ne ko ɗan gari mai mota biyu zai kawo maka wannan tayi, kunya ta hana ka tambaya. Ka tambaya.

Na biyu, haya da sunan mallaka: a ce ka karɓi mota kana biya duk mako har ta zama taka. Mai, gyara, inshora da kuɗin motar duk a kanka, wanda kake biya kuma shi ke yanke yawan lodin da za ka samu. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don bincikar wannan tsari ya ba da shawara a Janairun 2025 cewa a haramta shi. Wanda bai san kuɗin da mil ɗaya ke ci ba, ba shi da abin yi a nan.

Ranar tafiya, da ranar da za ka so barin aikin

Ka nemi takardar alƙawarin ɗauka daga kamfanoni uku ko fiye. Ba aiki ba ce tukuna, gayyata ce zuwa kwanakin tantancewa, inda za a sake gwajin fitsari, a duba takardu, a gwada tuƙinka. Duk abin da aka faɗa maka a waya, ka ce a turo ta imel. Ka tafi da takardun asali, katin likita, takalmin aiki, jakar da ba ta da ƙashi don wuri ƙarami ne, da kuɗin abinci na mako biyu da na motar komawa gida, ko da za a ce ba a ɗauke ka ba.

Wata na uku ko na huɗu za ka ji kamar ka ajiye makulli ka yi tafiyarka. In don haushin mai ba da lodi ne, ka nemi a canza maka shi ko a mayar da kai wani sashe. In kuwa ana matsa maka ka tuƙa bayan awanninka sun ƙare ko da mota marar birki, ka ƙi, ka rubuta ƙin a na'urar saƙon motar. Tun 2016 akwai dokar da ta hana tilasta direba karya ƙa'ida, kuma ana kai ƙara FMCSA cikin kwana 90.

In tafiyar ta zama dole, ka ba da sanarwa a rubuce, ka sauke lodin da ke kanka, ka kai motar garejin da suka ce, ka ɗauki hotonta ciki da waje, ka karɓi shaidar miƙa makulli. Barin mota a tasha ana rubuta shi a rahoton DAC, wanda kamfanoni da yawa ke dubawa kafin su ɗauki direba. Bayan wata ɗaya ka nemi kwafin rahoton daga HireRight, kamfanin da ke ajiye shi, kyauta ne sau ɗaya a shekara, ka kuma ciro rahoton PSP na hukumar FMCSA mai nuna haɗurran shekaru biyar da binciken bakin hanya na shekaru uku. In ka ga an rubuta abin da bai faru ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce tare da hotunan nan da takardar miƙa makullin.